Shatin Igiya

Ranar da ɗiyarsa ta dube shi ta kurma ihu, "Wane ne wannan?", ranar ya ɗaure ta da igiyar shanu. Sau biyu ke nan tana ficewa daga 'Yandoto ba mayafi, ana tsinto ta bakin titi.

An yi ruƙiyya a Tsafe, an yi hayaƙi a Bungudu. Gashinta bai daina zuba ba, kumatunta suka yi duhu kamar an gasa. Da dabara ta ƙare, sai asibitin Gusau.

"Malam, ba iska ba ce," in ji wata likita bayan gwajin jini. "Ciwon lufus ne. Sojojin jikinta ne suka juya mata, har suka fasa katangar da ke tsare ƙwaƙwalwa."

"Subhanallahi! Mai gadi ya ci gida? Don mi?"

"A ganinsu kare ta suke yi."

Ta ɗaga hannun yarinyar za ta sa allura, sai ta tsaya. Miki ya zagaye wuyan hannun.

"Wannan fa, wa ya yi mata?"

Ya buɗe baki zai ce kare ta yake yi. Yarinyar ta ɓuya bayan likitar.