Laifin Kududdufi

Ranar sadakar ukun ɗansa Zubairu, Nababa ya jefa wa matarsa Aina'u takardar saki.

"Ke kika bar Zubairu ya faɗa kududdufi. Tafi gidanku, Mairo kuma ba za ta bi ki ba!"

Kwana huɗu yaron ya yi garau bayan an tsamo shi, sannan amai da haki suka kashe shi. A waya Nababa ya ji bayanin: wai ruwa kan laɓe a huhun yaro, sai daga baya ya shaƙe shi a tudu.

Kwana biyu da sakin, ƙaramar 'yarsu Mairo ta fara amai da haki. Ita kuwa ko hanyar kududdufi ba ta sani ba.

A asibiti Nababa ya ba da labarin Zubairu, likita ta girgiza kai. "Malam, ruwa ba ya jiran kwana huɗu. Da shi ne, a ranar za a ga alama. Ina yarinyar take kwana?"

"Da, wajen uwarta. Yanzu a tabarmar yayanta, ɗakin da na jibge wake."

"Ka sa wa waken magani?"

Nababa ya dubi hannunsa na dama. Da shi ya cusa ƙwayar maganin ƙwari mai tiririn guba a kowane buhu, da shi ya toshe taga, da shi ya rubuta takardar.