Na Ƙirji

Rairayi ya ƙi bai wa moto hanya, sai Rut ta jingine babur ɗin a gindin gawo ta ƙarasa rugar Bube da ƙafa, takalmi a hannu.

Da safen nan lokotoro, likitan babban asibiti, ya kira ta daga Tasawa, inda aka kwantar da Bube. Idanunsa sun yi rawaya, ciki ya kumbura. "Hantarsa ce ke mutuwa," in ji shi. "Akwai abin da ke shiga cikinsa kullum, kaɗan-kaɗan. Ki nemo mini shi, Madam, don a makance nake yi masa magani."

In dai neman guba ne, an zo wurin mai shi. Rut ita kaɗai ce ma'aikaciya a wani ƙaramin gidan likita na karkarar Hawandawaki, kuma bara aka tura ta Maradi ta yi mako guda tana koyon haɗarin sinadaran masana'antu. Dalili kuwa, gangunansu da bidojinsu, wato jarkoki, suna ƙetaro iyaka bayan an juye su, a baje su a kasuwa, mata su saya don ɗibar ruwa. Can ta koyi cewa guba aji-aji ce: akwai mai kashewa nan take, akwai mai ƙona fata, akwai kuma maras imani da ke cin huhu da hanta a hankali, mutum na yawo bai sani ba.

Ta dawo da babbar takarda mai hotunan alamomin, bayani a ƙasa da Faransanci. Ta manna ta a bakin ƙofa kusa da ta rigakafi, tana goge ta fiye da yadda take goge madubin ɗakinta. Har sunaye ta raɗa musu: na wuta, na mutuwa, na kifi, sai hoton wani mutum mai farin tauraro a ƙirjinsa, shi ne na ƙirji. Kullum layi ya kai waje, don haka wanda ya tambaya sai ta jefa masa sunan ta wuce, da niyyar ta tara mutane ta yi musu bayani ranar da ta samu sarari. Sararin bai zo ba.

Sa'a, matar Bube, ta tarbe ta da ido jawur. Jiya ta dawo daga jinya don ta duba 'yarsu Ihsan da shanu, gobe za ta koma. Shekara huɗu take kai wa Rut nono da man shanu, sun saba har suna tsokanar juna. Ita ce ta kawo mijinta gidan likita farkon damina da ɗan tarin da bai taka kara ya karya ba. Rut ta ba shi siron tari, ta ce ya yawaita shan ruwa.

Rut ta shiga bincike. Ta leƙa rumbu, ta shinshina waken ajiya ko an sa masa ƙwayar kashe ƙwari. Toka ce kawai. Ta zazzage buhun magungunan shanu, ta karanta kowace kwalba. Ta je rijiya, ta ga rugage biyar ke sha, kowa garau. Ta kwance ƙullin sassaƙen da aka jiƙa masa, ba komai ciki sai sabara da kalgo.

Sa'a na biye da ita tana lissafa ƙoƙarinta, kamar mai kare kanta gaban alƙali. Ta hana shi fita kiwo cikin ruwan sama. Ta hana shi yaji. Furarsa daban, ƙoƙonsa daban, ruwansa daban. Rut tana jin ta da rabin kunne, tausayi ya cika ta, don ba ta taɓa ganin mace ta riƙe miji da hannu biyu haka ba.

Rana ta karkata, babu abin da ta samu. Ta zauna a bakin bukka. Me za ta ce wa lokotoro? Me za ta ce wa matar nan in ya cika?

Sa'a ta kawo mata ruwa daga tulu. Rut ta kurɓa ta ji shi da ɗumi, sai ta nuna wani bido a kusurwa da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu don ya yi sanyi.

"Yaya, rowa za ki yi mani? Ga mai sanyi can."

Karo na farko ranar, Sa'a ta yi murmushi.

"Wancan na baban Ihsan ne shi ɗai, Madam. Ko Ihsan ban bari ta taɓa. Kasuwa uku na ci kahin in same shi, kuma ban wanke shi ba, don kada ƙarhin maganin ya hita. Gobe ma da shi zan tahi, ruwan Tasawa bai karɓe shi ba."

Ta jawo bidon a hankali, ta yaye buhun. Wani wari mai zaƙi-zaƙi ya taso. A gefen bidon, cikin jan zane, ga mutumin nan da farin tauraronsa. Ƙoƙon ya suɓuce daga hannun Rut.

Sa'a ba ta lura ba. Ta shafa hoton da yatsa, cike da godiya.

"Allah shi saka maki, Madam. Ranar da na kawo shi na ga wannan hoton ga takardarki, na tambaye ki, ke kika ce mani na ƙirji ne."