Famfon Maƙabarta

Ruwana ya ƙare tun a gonakin alkama, cinyoyina sun daina jin magana. Tsakar rana ce, duk shagunan ƙauyenmu a rufe. Sai na yi abin da duk mai yawon keke a Faransa yake yi: na nufi famfon maƙabarta, inda ake ɗibar ruwan ba wa furanni.

Dama ina son wanke fuska kafin in ƙwanƙwasa ƙofar babana. Rabona da shi tun ranar da na ce ba zan gaji gonarsa ba.

Ina cika gora, idona ya faɗa kan kabarin mahaifiyata. A jikin dutsen, ƙarƙashin sunanta, an sassaƙa sabon suna: Honoré Brissac. Babana.

Na zube a wurin, na yi kukan da ban san ina da sauran ƙarfinsa ba.

"Kai, tashi daga kan furannina!"

Na waiga. Babana ne tsaye, da bokitin ban-ruwa a hannu.

"Baba... sunanka..."

"Ni na sa aka rubuta. Ka ga ranar mutuwa a jiki? Da kai zan jira, ai ko sunan ba zan samu ba." Ya ƙare wa kekena kallo. "Tashi mu je gida. Adana sauran kukan, zan buƙace shi."