Tabon da Farfesa Bai Gani Ba

Tunda an ɗora ka shugaban sashe, ɗana, zauna in ba ka wani misali kafin kujerar ta yi maka daɗi. A wani asibitin koyarwa an yi wata matashiyar likita, wadda bayan likitanci ta koyi ilimin kwamfuta, fannin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Abin da ya kai ta kuwa, layin masu tari ne da take tararwa kowace safiya, mutum ɗari na jiran likita ɗaya ya duba musu hoton ƙirji. Sai ta shiga ɗakin ajiya ta kwaso tsofaffin hotunan da kyankyasai suka mayar gida, ta goge su ɗaya bayan ɗaya, tana nuna wa na'ura: wannan huhu lafiyayye ne, wannan tarin fuka, wannan ciwon daji. Shekara huɗu tana wannan aiki, sa'o'inta suna buɗe asibitocin kansu suna yi mata dariya, har na'urar ta iya zagaye tabon da idon gajiyayyen likita kan tsallake. Shugaban sashensu wani farfesa ne da ya yi suna wajen gyara. A taron safe yakan tsayar da ƙaramin likita gaban jama'a ya feɗe kuskurensa har wutsiya, ya ce ai rai ba abin wasa ba ne. Da na'urar ta fara kamo kurakuran ƙananan likitoci, babu wanda ya kai shi murna. Da kansa yake haska hoton a bango, yana tambayar mai laifin ko a kasuwa ya sayi takardar shaidarsa.

Ran nan aka kawo hoton wani magini, uban 'ya'ya biyar, da tari ya ƙi bari. Farfesa ya duba ya sa hannu cewa ƙirji ƙalau, a ba shi maganin tari ya tafi gida. Kwana biyu bayan haka hoton ya bi ta na'ura, sai ta zagaye wani ɗan tabo kamar ƙwayar gyaɗa, ɓoye a bayan haƙarƙari na sama. Matashiyar likitar nan ba ta kai maganar taro ba. Ta same shi a ofis shi kaɗai, ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, ko za a sake duba wannan?" Ko ɗaga hoton bai yi ba. Ya ce, "Ina karanta ƙirji tun kina goye. Yau ke da akwatinki za ku koya mini aiki?" Kafin mako ya zagayo an zare na'urar daga wuta, wai ba a tabbatar da ingancinta ba, ita da aka yi wata takwas ana kunyata mutane da ita. Aka rubuta wa likitar takardar gargaɗi cewa tana barin majinyata tana wasa da kwamfuta, aka hana ta ƙarin girma. Ta nemi maginin da ƙafarta, amma adireshin da ke katinsa kawai shi ne "bayan tasha". Ranakun hutunta uku ta ɓatar tana tambaya a bayan tashoshin garin, ba ta same shi ba. Bayan wata bakwai sai ga shi an kawo shi ranga-ranga a bayan a-kori-kura, gyaɗar nan ta zama goruba, ta cinye rabin huhu. Kwanansa tara a gado ya cika.

Washegari aka yi taron safe kamar kullum. An tattauna ɗigon rufin ɗakin tiyata, an yi wa wani ɗalibi faɗa kan munin rubutunsa, amma sunan maginin bai fito daga bakin kowa ba. Mutum arba'in a ɗakin, kowa ya san abin da ya faru. Ni ma ina cikinsu, a layi na biyu, na sunkuyar da kai ina kallon takalmina, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ita kuwa ta ajiye aiki, wata ƙasa ta karɓe ta hannu bibbiyu, marasa lafiyarsu suke cin moriyar wahalar da ta sha a kan hotunan mutanenmu. Matar maginin ba wanda ya gaya mata komai, ta tafi tana yi wa likitoci godiya.

To, gobe wani na ƙasa da kai zai ƙwanƙwasa ƙofarka riƙe da hoto. Ka karɓa, ka ɗaga shi a haske. Kada ka zama wanda Hausawa suka riga suka gama da shi da suka ce, wanzami ba ya son jarfa.