Sandar da Mai Wa'azi Ya Karya

"Ke mai sanda!" baƙon mai wa'azi ya daka wa Kaka tsawa a tsakiyar coci. "Ruhu ya nuna mini ƙafarki ta shanye. Yau kin warke!"

Ya fizge sandar, ya karya ta a gwiwarsa. Kaka ta taka lafiya lau. Coci ya kaure da Halleluya.

Ta bari hayaniya ta lafa.

"Ɗan nan, Littafi ya ce mu gwada ruhohi. Naka bai gaya maka ƙafata ƙalau take ba? Sandar maigidana ce, daga wurin kafinta na karɓo ta."

Wani ƙaton tsoho da ya cika bencin baya ya ɗaga hannu.

"Zo ka durƙusa, ɗana. Kai za ka goya ni gida."