Dakali a Gindin Taga

Tun da injuna suka karɓi kashe gobara, doka ta ce mutum ɗaya zai tsare kowane ofishin kwana-kwana, ba fita, ba baƙo, sai shekara ta zagayo. Bana mijina Nafi'u aka zaɓa, ni kuma aka ba ni aikin zana ginin.

Na zana dakali a gindin tagarsa.

Shugabana ya tambaya, "Rumasa'u, wa zai zauna nan?"

"Yallaɓai, bango zai tokare."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa hannu.

Yau da la'asar na je na zauna. Gilashin ba ya barin murya ta wuce. Ni na zaɓe shi, saboda ƙarar jiniya. Daga ciki Nafi'u ya manna tafinsa a jikin gilashin, bakinsa na ta motsi.