Ranar da Na Ɗaga Murya a Laburare

Da hutun damina aka tara mu karatu a laburaren Talata Mafara. Ni kuwa a makarantar allo na taso, inda mai shiru ke shan bulala. Na samu littafi mai zanen jirgi, na tanƙwashe ƙafa, na ɗaga murya ina rangaji.

Mai kula da littattafai ya taso riƙe da rula, shi da ya kori wani yaro jiya-jiya. Na ƙanƙame littafin.

Ya duƙa ya ce, "Ɗan malam, wanga karatu naka ya yi kyau. Amma nan da zuci ake yi."

Bai kore ni ba. Sai dai har yau jikokina na dariyata, don in kunnena bai ji ba, ban yarda na karanta ba.